Mai Goro a Gefen Allo

Abubuwa da yawa na aiki sun sulale mini tun da na zauna a gida, amma ban taɓa mantawa da ranar da aka riƙo hannun Hajja Dudu aka shigo da ita ɗakin aikinmu a Garwa ba. Ku da kuka tashi kuka tarar da komai a cikin waya, sai na ɗan koma da ku baya kafin ku gane abin da ya kawo tsohuwa mai ciwon ido wurin masu gyaran fim.

Aikina na fari haska fim ne a sinima. Ofareta ake ce mana. Mu ne ke cikin ɗan ɗakin nan na sama da ake kira kabin, muna ɗora bobin, wato faifan ƙarfen da fim ke naɗe a jiki, muna sauke wani. Da tattalin arziki ya karye, kaset kuma ya shiga gidaje, sinimomi suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Tamu aka mayar da ita ma'ajiyar siminti. Na sha yawo, har batir da tocila na sayar, kafin Allah ya haɗa ni da wani ɗakin aiki mai zaman kansa da ke ɗaukar bidiyon bukukuwa da finafinan koyar da manoman auduga da na shinkafar Maga. Mu uku ne a sashen tsofaffin finafinai. Shef ɗinmu, wato shugaban sashen, Musye Hamadu, Bafulatani mai son tsari, shi ke karɓar aiki ya sa hannu. Sai Asta, 'yar unguwar Domayo ta Marwa, wadda ta koyo haɗa hoto a Yawunde, ita ke kan kwamfuta. Ni kuma duk abin da ke buƙatar hannu da hanci da haƙuri, nawa ne.

A shekarun da faifan DVD ya fara korar kaset ne Alhaji Bako ya zo mana da aiki. Dillalin atamfa ne a babbar kasuwa, kakanninsa daga Kano suka zo fatauci suka zauna. Wasu attajiran dawaki suke tarawa, wasu motoci, shi kuwa Allah ya jarabce shi da tsofaffin finafinai. Lokacin da ake rufe sinimomi ana zubar da bobin kamar shara, shi ya bi ya kwashe, ya ware musu ɗaki guda a gidansa. Burinsa ya fitar da guda ɗaya daga ciki a faifai, cikin akwati mai kyau, don masu irin ciwonsa da ke Duwala da Kano da Faransa. Lauyansa ya riga ya samo izini daga magadan kamfanin da ya yi fim ɗin. Turawa ne suka yi shi kafin samun 'yancin kai, labarin wani maharbi da ke neman ɗan'uwansa. Labarin ba wani abin kirki ba ne, in gaya muku gaskiya. Abin da ya sa mutanenmu ke sonsa shi ne an ɗauki wani yanki nasa a kasuwar Mokolo, ranar cin kasuwa, da mutanen gaske suna harkarsu.

Shef ya aike ni gidan Alhaji in duba lafiyar fim ɗin kafin mu karɓa, haka ƙa'ida take. Ina buɗe gwangwanin farko wani tsami ya bugi hancina. Mai wannan aiki ya san ma'anarsa: fim ya fara ruɓewa, zafin Garwa ya ci shi. Bobin na uku, mai kasuwar Mokolo, ruwa ma ya taɓa gefensa, da alama rufin ɗakin ya taɓa yoyo. Na ce wa Alhaji zai gyaru, amma in aka ƙara damina biyu ko uku sai dai labari.

Muna fitowa da gwangwanaye ta tsakar gida sai na ji murya daga inuwar dalbejiya. Mahaifiyar Alhaji ce, Hajja Dudu, zaune a kan tabarma da carbi, idanunta sun yi fari-fari da yana.

"Wane ne wannan da Bako?"

Na durƙusa na gaishe ta, na ce Isa ne.

"Isa na Mairo mai waina? Mai majigi?"

"Shi ne, Hajja."

"Allah ya jiƙan Mairo. Fim ɗin Mokolo za ku ɗauka ko? To in kun buɗe shi ku duba mini Malam Garba. Yana ta hannun hagu, kusa da masu tukwane."

Alhaji ya ɓata fuska. "Inna, don Allah a bar maganar nan."

"Na bari," in ji ta, ta ci gaba da jan carbinta. Wasu jikoki mata da ke tsinke zogale a gefe suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Ban ji daɗin dariyar nan ba ko kaɗan.

Sai a zaure Alhaji ya warware mini. Malam Garba mahaifinsa ne, mai sayar da goro a Mokolo. Sanƙarau ya ɗauke shi Alhaji yana goye, aka dawo da Hajja wurin 'yan'uwanta a Garwa. Mutum ne mai riƙon addini irin na da, bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba, don haka Alhaji bai san kamannin ubansa ba. Hajja kuwa tun yana yaro take gaya masa cewa ta ga Malam a cikin fim ɗin nan. Wai da aka kawo shi Garwa, wanta ya ji labari, ya roƙi ofareta na lokacin ya bar ta ta leƙa ta tagar kabin, tunda macen kirki ba ta shiga sinima a zamanin. Sau ɗaya ta gani. Wan ya rasu, ofaretan ya rasu, ba mai shaida.

"Da kaset ɗinsa ya fito na saya," in ji Alhaji. "Muka taru gida guda. Mun kalla, mun mayar baya, mun tsayar, har kaset ya lalace na sayo wani. Babu shi, Malam Isa. Ita da kanta ta kafa ido ba ta gan shi ba. Tun daga ranar duk abin da ta faɗa a gidan nan sai yara su ce irin na Mokolo ne. Yanzu ita ma wani lokaci sai in ji tana tambayar kanta ko mafarki ta yi. Ba na son a sake tayar mata."

Ya tambaye ni ko na taɓa lura, tunda na haska fim ɗin a zamanina. Na ce ofareta ba ya kallon fim. Idonmu na kan ƙuryar sama ta dama, muna jiran ɗigon da ke nuna bobin ya kusa ƙarewa. Na haska finafinai ba iyaka, kaɗan ne zan iya ba ku labarinsu.

Yanzu bari in bayyana abin da ya zama tushen rigimar. Fim ɗin nan irin mai faɗi ne, wanda muke kira sikof. Faɗinsa ya fi tsayinsa ninki biyu da wani abu. A jikin fim ɗin an matse hoton, in ka ɗaga shi a haske sai ka ga mutane sirara dogaye kamar karan dawa, sai gilashi na musamman ya buɗe shi a allo. To tele, wato talabijin, ta lokacin kusan murabba'i ce. Hanya biyu ce kawai. Ko ka saka hoton duka, sama da ƙasa su zama baƙi, ko ka cika tele ka yanke gefe da gefe, kusan rabin hoto ya tafi. Masu kaset yankewa suke yi, ba tare da sun gaya wa kowa ba.

A ofishin shef muka nuna wa Alhaji samfurin duka biyun. Yana ganin baƙin nan sama da ƙasa ya ɗaga hannu.

"A'a, a'a. Ni da na sayi tele mafi girma a Garwa, a ce rabinta duhu? Mutane za su ce na rufe musu hoto. In ka sayar wa mace turmi, ka naɗe mata kalmasa biyu ka ce kar ta buɗe, za ta dawo shagonka?"

Asta ta yi ƙoƙari ta nuna masa cewa baƙin nan ba ya rufe komai, mai cika telen ne ke cin hoto. Ya saurara da ladabi, ya ce ya ji, amma idonsa bai yarda ba. Ba laifinsa ba ne. Kowa a garin nan haka ya ɗauka, har masu gidan bidiyo sukan dawo da kaset in suka ga baƙi su ce ya lalace. Shef ya rufe fayil ya ce, da ɗan Faransancinsa, "Bon, mai kaya ya faɗi abin da yake so. A cika tele." Shi ma yana da dalilinsa, domin ɓarnar ruwan duk a gefen hagu take, in za a yanke gefe an huta da gyaranta.

Ni dai maganar hannun hagu ta tsaya mini a rai tun a nan, amma na kama bakina. Tsakar kasuwa ce, mutane dubu, ga fim ya sha ruwa. Ban ga amfanin in ɗaga wa mutum rai a kan zato ba.

Muka shiga aiki. Kowane bobin sai na warware shi a hankali a kan tebur, in bi shi da yatsu cikin safar auduga, in nemo inda ramukan gefensa suka yage in liƙe. Inda tsofaffin ofaretoci suka haɗa tsinkewa da gaggawa, wani ma da salatif na ofis, in ɓare in sake haɗawa. Sannan wanki da ƙyalle mai laushi da maganinsa, taku-taku. In ya bushe sai mu ɗora shi a na'urar da ke ɗaukar hoto ɗaya-ɗaya tana zuba wa kwamfuta. Daga nan ba a sake taɓa fim ɗin asali. Sauran aiki na Asta ne: ta buɗe matsattsen hoton, ta share ƙura da karce, ta dawo da launi. Launin kuwa duk ya koɗe ya koma ja-ja kamar zoɓon da aka cika wa ruwa. A nan Alhaji ya yi mana rana. Yakan leƙo bayan la'asar, ya tsaya bayan Asta ya ce, "Wannan rawanin ba shuɗi ba ne, 'yata, baƙin rini ne mai ƙyalli, ƙara masa duhu. Wancan zanen kuma na san irinsa, ruwan ƙwai ne da kore." Mutumin da ya yi rayuwarsa cikin yadi ba ya kuskuren launi. Da ta daidaita tufafi sai sama da ƙasa da fatar mutane su faɗo daidai.

Mataki na ƙarshe shi ne yankan. Asta kan ɗora wani zanen akwati a kan faffaɗan hoton, ta riƙa matsar da shi yana bin jarumi, duk abin da ke wajen akwatin ya tafi. Wata safiya tana kan bobin na uku sai na ga ta tsayar da hoton. Can ta ce, "Baba Isa, zo ka ga wani mutum."

Baturen maharbi na tsakiya yana ciniki da mai fatu. A bayansa wani dogo mai farar riga, da ƙaramin kwandon goro a hannun hagu, ya lura da na'urar ɗaukar hoto. Nan take ya ɗaga hannun rigarsa ya rufe fuska, ya fara ja da baya-baya. A cikin akwatin Asta abin da ake gani ke nan, farin hannun riga ya gifta ya ɓace, kuma shi ne abin da ke cikin kaset. Amma a wajen akwatin mutumin bai tafi ba. Ya ja har wurin masu tukwane ya tsaya. Wani jaki ya wuce ta gabansa. Ya leƙo ta saman hannun riga, ya auna inda bakin na'urar ya dosa, ya tabbatar ya fita daga layinta. Sai ya sauke hannu, ya dubi mai tukwane, ya yi dariyar wanda ya tsira. Tabon ruwa na rawa a kansa, amma ana ganinsa sarai.

Na gaya wa Asta abin da Hajja ta ce a gindin dalbejiya. Sai ta ɗauke akwatin daga kan hoton.

Shef bai so ba da farko. Ya ce aikinmu gyaran fim ne, ba shiga sha'anin gidan mutane ba, kuma masu farar riga a kasuwar Mokolo sun fi a ƙirga. Amma shi ma da ya kalla sau biyu sai ya ɗauki waya da kansa ya kira Alhaji.

Alhaji ya zo daga kasuwa da guminsa. Ya kalla a tsaye, ya ce a maimaita, ya jawo kujera ya zauna.

"Ku ƙara girman fuskar."

Asta ta ƙara. Fuskar ta watse ta zama ɗige-ɗige kamar tsakin gero.

"To ku gyara ta mana. Ba aikinku ke nan ba?"

"Alhaji, zan iya shafe ta ta yi sumul, in fitar da ido da hanci," in ji Asta. "Amma fuskar da za ka gani tawa ce, ni na zana. Abin da fim ɗin ya riƙe ke nan, ba ƙari."

Ya daɗe yana kallon ɗigon nan. Babban mutum, mai yara a shago da motoci a hanya, sai ga shi ya zama abin tausayi.

"Ta yaya zan san shi, Malam Isa? Ban taɓa ganinsa ba." Ya share fuska da hularsa. "In na kawo Inna ta ce ba shi ba ne, na kashe ta da hannuna. In kuma ta ce shi ne, ta ina zan san ba don tana so ya zama shi ba? Idon nata ma ba ya bambance ni da yarana sai mun yi magana."

Ya tashi ya tafi, muka yi mako ba mu ji ɗuriyarsa ba, aiki ya tsaya cik. Shef ya fara ƙunƙuni. Sai ga Alhaji wata Alhamis da bandir na farin yadi a kafaɗa. Ya ce ya yi shawara da zuciyarsa, hakkinta ne ta gani, ko ma me zai biyo baya. Likita ya ce idon yana gab da rufewa, in ya jira an gama faifai ƙila ba ta da abin kallo. Tele ta yi mata ƙanƙanta, a haska mata a bango.

Muka ɗauko majigin da muke kai wa manoma ƙauye. Muka ja farin yadin daga wannan kusurwa zuwa waccan, muka toshe tagogi da barguna, shef ya sa aka tayar da janareta don kar kuran, wato wutar lantarki, ya ba mu kunya. Bayan azahar mota ta tsaya. Alhaji bai zo da kowa ba sai ita. Bai gaya mata abin da muka gani ba, ya ce kawai za ta ga yadda aiki ke tafiya.

"Jam na, Hajja?" in ji shef, ya gaishe ta da Fillanci, ya durƙusa har ƙasa.

"Jam ni, ɗana. Ina Isa na Mairo? Kun duba mini?"

Na ce, "Ke za ki duba mana, Hajja."

Muka zaunar da ita a tsakiya, na kunna daga farkon kasuwar. Hayaniya ta cika ɗakin, duwatsun Mokolo suka bayyana daga bango zuwa bango. Hajja ta karkata kai, ta ƙanƙance ido.

"Ba na ganin komai sai haske yana motsi."

Na dubi Alhaji, ya sunkuyar da kai. Asta ce ta tashi ta kama hannunta ta ce, "Kaka, zo mu matsa." Hajja ba ta nufi tsakiya inda Baturen yake ba. Da kanta ta ja Asta zuwa ƙarshen yadin ta hagu, ta tsaya har hancinta na neman taɓa shi.

"Yauwa. Ga tukwane." Ta ɗaga yatsa. "Zai taho da baya-baya, ya rufe fuska."

Lokacin mutumin bai ma shigo ba. Sai ga shi ya taho da baya-baya.

"Akwai jaki."

Jaki ya wuce, ya yi kukansa.

"Zai leƙo. Ka gan shi ko, sarkin wayo. Yanzu zai sauke hannu ya yi dariya."

Ya sauke hannu ya yi dariya.

Na tsayar da hoton a nan ba tare da kowa ya ce in tsayar ba. Ba abin da ake ji sai janareta a waje. Abin da ta leƙa sau ɗaya ta tagar kabin tana yarinya mai goyo, shi ta karanto mana daki-daki kafin ya faru. Ni da na ƙare ƙuruciyata a kabin ban riƙe ko fim ɗaya haka ba. Hawaye suka zubo mini, ban ɓoye ba.

Na zaci za ta juyo ta ce wa ɗanta ai na gaya muku. Ba ta ce ba. Ta shafa yadin a hankali, ta ce, "Ashe ba mafarki na yi ba." Sannan ta ɗaga murya. "Bako, matso ka gaida babanka."

Alhaji ya taso yana tuntuɓe da waya, ya je ya tsaya a gaban hasken, hoton ya faɗa a bayan rigarsa.

"Kauce mana, ka tare shi!"

Ya kauce, ya durƙusa a gefe kamar yadda ake durƙusa wa uba a zaure. Bakinsa na motsi, ban ji abin da yake faɗa ba, ban kuma matsa in ji ba. Shef ya fita waje wai zai duba mai a janareta.

Da aka natsu Hajja ta ba mu sauran labarin tana dariya tana share ido. Ranar da Turawan suka zo kasuwa, Malam ya dawo gida yana cika baki. Ya ce duk sun tsaya kamar tumaki ana ɗaukarsu, shi kuwa ya kauce wa bakin mashin ɗin, ya tsaya a gefe yana kallonsu. Ya san kyamarar mai hoto na gari, wadda sai ka tsaya a gabanta sak. Bai san wannan tana gani har gefe ba.

Wannan ne ya jefa Alhaji cikin wani tunanin. Ya ce, "Inna, to ai bai so ba. Gudu ya yi. In na bar shi a faifai har Faransa za a gan shi. Ko in cire wa gida kawai, na sayarwa a yanke kamar da?"

Tambaya ce ta gaskiya. Hajja ta murza carbinta.

"Bai so ba kam," in ji ta. "Da yana nan zai yi faɗa, ya ƙi cin tuwo. Kwana biyu sai ya ce, Dudu, a sake nuna mini in ga ko rawanina ya zauna. Na san mijina. Kuma ba shi kaɗai ba ne a gefen nan. Mai tukwanen can Ɗanjuma ne, yana da jikoki a Mokolo. Su ma an yanke musu nasu. An yanke ya isa haka, ku bar kowa a inda Allah ya tsayar da shi."

Alhaji ya juyo wurin shef, wanda ya dawo da jan ido. "Musye Hamadu, a saka shi duka. Da baƙin da komai."

Shef ya buɗe fayil, ya soke umarnin farko, ya rubuta sabo, Alhaji ya sa hannu. Wannan ya mayar da mu baya sosai, domin duk gefen da muka tsallake sai da muka koma muka gyara, tun daga bobin na farko. A wurin tukwanen nan Asta ba ta bar kwamfuta ta yi shara da kanta ba, don takan ɗauki ƙaramin abu mai motsi ta ce datti ne ta goge. Da hannu ta bi hoto ɗaya-ɗaya. Inda tabon ruwa ya hau kan fuskar Malam Garba ta bar shi, ta ce gara tabo da ƙarya. In kun samu faifan kuka ga wani ɗan duhu na rawa a hagu, ba sakaci ba ne.

Faifai ya fito. Masu tarawa na waje suka yaba, na gida kuwa wasu suka dawo da nasu shagon Alhaji suna cewa an rufe musu sama da ƙasa. Yakan zaunar da mutum ya ba shi shayi, ya yi masa bayanin da Asta ta yi masa, har ya fi ta iyawa. Amma kar ku ɗauka idonsa ya daina ƙin baƙin nan. Da na je gidansa na tarar ya sa tela ya ɗinka wa telensa 'yan labule biyu na atamfa, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, daidai faɗin baƙin. Na yi dariya har na riƙe ciki. Ya ce in yi ta yi, shi dai bai ga duhu ba, bai kuma yanke kowa ba.

Abin da wannan aiki ya koya mini, ku da ke kan na'urori yanzu, shi ne mai kaya yakan zo da abin da idonsa ya saba, ba don wauta ba, kuma gardama ba ta cika juya shi ba sai ya ga abin da zai rasa. Mu kuma ba a ba mu izinin ƙara wa tsohon hoto abin da babu ba, ko mu rage abin da ke ciki don mu huta. Kafin ku ɗora akwati a kan kowane hoto, ku kalli gefensa tukuna. Jarumin da ke tsakiya yana da hotuna a duk duniya, wanda ke gefe ƙila wannan ke nan gare shi.

Idon Hajja ya rufe gaba ɗaya kafin damina ta zagayo. Duk da haka takan sa a kunna mata kasuwar Mokolo bayan la'asar. Jikokin nan masu dariya su ke rige-rigen saka mata faifan, ba wanda ya sake cewa irin na Mokolo ne. Ziyarata ta ƙarshe na same ta zaune ta ba tele gefen kunne, yara sun kewaye ta. Hayaniyar kasuwa na tafiya, sai jaki ya yi kuka. Ta ɗaga yatsa, ta ɗan jira, ta ce, "Ya sauke." Yaran suka duba ƙarshen allo ta hagu, suka ce, "Ya sauke, Hajja, ga shi yana dariya."